Bambancin Bango a Tsofaffin Mujallun Komik na Amurka: Ire-irensa da Hanyoyin Tantance Shi

1.0 Gabatarwa

Komik suna ne da ake kiran wata irin ƙaramar mujalla da shi, wadda ake ba da labari a cikinta ta hanyar jera zane-zane a gida-gida, tare da rubuta maganar taurarin labarin a kusa da bakunansu. A ƙasar Amurka wannan sana'a ta kafu sosai a shekarun 1930, ta kuma bunƙasa bayan bayyanar Superman a fitowa ta 1 ta mujallar Action Comics, mai ɗauke da kwanan watan Yuni na 1938. A wancan lokaci santi 10 ake sayar da kwafi. A shekarar 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya na wannan fitowa a kan dala miliyan 6.

Tsadar irin wannan kwafi ba ta da wuyar fahimta, domin tsoho ne, kuma shi ne mafarin wani babban tauraro. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a ga kwafe biyu na fitowa ɗaya, labarinsu ɗaya, shafukansu ɗaya, lafiyarsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da dama, saboda wani ɗan bambanci a bango wanda bai fi faɗin farce ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin irin wannan bambanci: inda ya samo asali, da ire-irensa, da kuma hanyoyin da masana suke bi wajen rarrabe sahihi da jabu. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa bangon da ya fi daraja shi ne wanda aka yi shi don wata bukata ta ciniki, ba tare da an yi tunanin wani zai adana shi ba, kuma darajarsa ta dogara ne kacokan a kan hujjar da za a iya kafawa daga jikin takardar.

2.0 Yadda Ake Buga Komik

Ba za a fahimci bambancin bango ba sai an san yadda maɗaba'a take aiki. Tsohuwar komik kashi biyu ce. Akwai shafukan ciki, waɗanda ake bugawa a takarda mai araha irin ta jarida, akwai kuma bango, wanda ake bugawa dabam a takarda mai sheƙi. Bayan an gama sai a haɗa su, a naɗe, a ɗinke a tsakiya da 'yan wayoyi guda biyu, a yanke gefe. Launin bango kuwa daga faranti huɗu yake fitowa: na shuɗi, da na ja, da na rawaya, da na baƙi. Galibi farashi da kwanan wata suna kan farantin baƙi ne.

Wannan tsari shi ne tushen al'amarin gaba ɗaya. Tun da bango dabam ake buga shi, kamfani yana iya tsayar da injin, ya sauya farantin baƙi kaɗai, ya buga wasu 'yan dubban bangaye da wani farashi, sa'an nan a ɗinka su a kan shafukan ciki iri ɗaya da na sauran. Ke nan fitowa guda tana iya fita daga maɗaba'a a rana guda da fuska biyu ko uku.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani tun daga farko. A ƙasan shafin farko na ciki, ko a cikin bangon gaba, akan buga wasu ƙananan layuka masu bayyana sunan mujallar na hukuma, da lambar fitowa, da wata da shekara, da sunan kamfani. A wannan maƙala za a kira su shaidar bugu. Aikinsu ya yi kama da na bayanin da marubutan Ajami suke yi a ƙarshen littafi, inda mai kwafa yake faɗin sunansa da lokacin da ya kammala. Haka kuma kwanan watan da ke bango yakan riga ranar fitowa ta ainihi da wata biyu ko uku, domin mujallar ta daɗe a kan tebur ba a ce ta tsufa ba.

3.0 Ire-iren Bambancin Bango

3.1 Gwajin Farashi

A shekarun 1970 tsadar takarda ta tilasta wa kamfanonin komik ƙara farashi a kai a kai. Kamfanin Marvel ya so ya san ko masu saye za su jure ƙari kafin ya ɗora shi a kan ƙasa baki ɗaya. Saboda haka a fitowar watannin Afrilu zuwa Agusta na 1976, lokacin da farashin kwafi yake santi 25, sai ya buga kaɗan daga cikin kowace fitowa da farashin santi 30, ya aika da su wasu 'yan garuruwa, cikinsu har da Baltimore da San Antonio. Da ya ga ciniki bai faɗi ba, sai santi 30 ya zama farashin kowa daga fitowar Satumba. An sake yin haka a fitowar Yuni zuwa Oktoba na 1977, inda aka gwada santi 35 a maimakon 30, sa'an nan ƙarin ya game ko'ina a Nuwamba.

Kamfanin bai yi shelar wannan gwaji ba, yaran da suka sayi mujallun ma ba su san cewa na hannunsu ya saɓa da na garin gaba ba. An shafe kimanin shekara ashirin kafin a gane faɗin abin. A ƙarshen shekarun 1990 ne wani mai bincike, Jon McClure, ya tattara bayanan da suka nuna cewa gwajin ya shafi kusan dukkan mujallun kamfanin na waɗannan watanni, watau fitowa fiye da 180 a kowane zagaye.

Mafi shahara a wannan rukuni ita ce fitowa ta 1 ta Star Wars, mai kwanan watan Yuli na 1977. Ta faɗo a tsakiyar gwaji na biyu, kuma fim ɗin da aka ɗauko labarin daga cikinsa ya yi farin jinin da ba a zata ba. Haka nan fitowa ta 14 ta Iron Fist, inda mugun nan Sabretooth ya fara bayyana. A irin waɗannan abu biyu ne suka haɗu: ƙarancin kwafi da yawan masu nema.

3.2 Farashin Ƙasashen Waje

Daga 1960 Marvel ya riƙa buga wani kaso na mujallunsa da farashin kuɗin Ingila. Alal misali, fitowa ta 15 ta Amazing Fantasy ta 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, tana da bango mai santi 12 na Amurka, tana kuma da mai kwabo 9 na Ingila, watau abin da Hausawa suke kira nai a zamanin fam da sule. An daɗe ana raina waɗannan kwafe, ana ɗaukar su maimaicin bugu ne da aka yi a Ingila. Bincike ya tabbatar da cewa a Amurka aka buga su, a injin ɗaya da lokaci ɗaya da 'yan'uwansu, sa'an nan aka yi musu lodi a jirgin ruwa. Saboda haka bugu na farko ne su ma, kuma adadinsu bai kai na Amurka ba ko kusa.

A nan akwai wani tarko. Yawancin mujallun kamfanin DC da suka shiga Ingila a shekarun 1960 da farashin Amurka aka buga su, sai kamfanin da ke rarraba su, Thorpe & Porter, ya danna musu hatimin farashi da tawada. Hatimi abu ne da aka ƙara bayan bugu, don haka ba ya mai da kwafi mai bambancin bango. Wanda maɗaba'a ta buga shi ne abin lissafi.

Makamancin wannan ya faru da Kanada. Daga 1982, sa'ad da darajar dalar Kanada ta yi ƙasa, mujallun da ake kai wa masu sayar da jaridu a can sun riƙa ɗaukar farashi nasu, misali santi 75 a inda na Amurka yake santi 60. Marvel ya ci gaba da haka har 1986.

3.3 Hanyar Sayarwa

Da can komik tare da jaridu ake rarraba ta, bisa sharaɗin cewa abin da ya yi kwantai za a mayar. Don gudun kuɗin dako, mai sayarwa yakan yage bangon ko kan bangon ya mayar a matsayin shaida, a lalata sauran. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a Niyok, Phil Seuling, ya ɓullo da wata hanya: a riƙa kai wa shagunan komik kaya kai tsaye da rangwame mai tsoka, amma babu mayarwa. Nan da nan matsala ta taso, domin mai wayo yana iya sarar kaya da rangwamen shago, ya zagaya ya mayar da su ta hanyar masu jaridu a biya shi.

Domin toshe wannan kafa, daga 1979 Marvel ya bambanta bangayen biyu. Na masu jaridu yana ɗauke da akwatin layukan nan da na'urar kanti take karantawa. Na shago kuwa an sa farashinsa a cikin murabba'i mai tsaye a kan kusurwarsa, irin daimon na karta, an ja layi a kan akwatin layukan, daga baya kuma aka maye gurbinsu da hoton kan Spider-Man.

Abin lura a nan shi ne ƙarancin ya juya da tafiyar zamani. A farkon tsarin kwafen shago su ne kaɗan. Da shagunan suka mamaye kasuwa sai kwafen masu jaridu suka koma 'yan tsiraru, ga shi kuma masu sayensu yara ne da matafiya waɗanda ba su damu da adanawa ba. Marvel ya daina bin hanyar masu jaridu a 2013, DC kuma a 2017. Wannan ya nuna cewa alama ɗaya tana iya nufin yawa a wata shekara, ta nufi ƙaranci a wata.

3.4 Maimaicin Bugu

Idan fitowa ta ƙare a kasuwa da wuri, akan sake buga ta. Misali mafi daɗewa shi ne fitowa ta 1 ta Marvel Comics, wadda Martin Goodman ya wallafa a 1939. Bugun farko mai kwanan watan Oktoba, kimanin kwafi 80,000, ya ƙare nan da nan. Sai aka sake bugawa, aka shafe Oktoba da baƙin tambari aka rubuta Nuwamba, aka sayar da kusan kwafi 800,000. Wannan ɗan baƙin tambari shi ne ya raba bugun biyu.

Jerin Classics Illustrated, wanda Albert Kanter ya fara a 1941 da sunan Classic Comics, ya fi wannan sarƙaƙiya. Fitattun littattafan adabin duniya ne aka mayar da su labarin zane, har guda 169, kuma an yi ta sake buga kowannensu shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da an gyara kwanan watan da ke ciki ba. Wasu an sauya musu bango daga zanen alƙalami zuwa zanen fenti. Dabarar da masu tarawa suka gano abar koyi ce. A bayan kowane kwafi akwai jerin littattafan da kamfanin yake da su na sayarwa a lokacin. Lamba mafi girma a wannan jeri ita take nuna zamanin da aka buga kwafin. Idan aka sami littafi mai lamba 10, amma jerin bayansa ya kai 150, to an san ba bugun farko ba ne, komai abin da shafin ciki ya faɗa.

3.5 Kuskuren Maɗaba'a

Wani bambancin ba wanda ya nufe shi. A wasu kwafe na fitowa ta 110 ta Fantastic Four ta 1971 an sami rikicewar farantan launi, sai tauraron nan Thing, wanda aka sani da launin ruwan lemo, ya fito kore. An gyara injin bayan an ankara, amma waɗanda aka riga aka buga sun shiga kasuwa. Wani lokaci kuma injin ɗinki yakan ɗauki bango biyu a tare, kwafi ya fito da riga biyu, ta ciki tana nan sabuwa fil.

3.6 Bambancin da Aka Yi da Gangan

A 1986 kamfanin DC ya fitar da fitowa ta 1 ta The Man of Steel, aikin John Byrne, da zanen bango iri biyu. Galibin masana suna ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da aka yi tallar bambancin bango don jan hankalin masu tarawa. Dabarar ta karɓu. A 1990 fitowa ta 1 ta Spider-Man ta Todd McFarlane ta fito da bango mai tawadar azurfa da mai ta zinariya da sauransu, aka sayar da kimanin kwafi miliyan biyu da rabi. A 1991 fitowa ta 1 ta X-Men ta Jim Lee ta zo da bango biyar: huɗu waɗanda in aka jera su suke ba da hoto guda, da na biyar mai naɗi wanda ya haɗa su duka. An sayar da fiye da kwafi miliyan 8.

Daga baya aka ɓullo da bangon lada, watau wanda mai shago ba zai samu ba sai ya sari wani adadi na bangon yau da kullum, misali ɗaya a kan kowane 25, ko ɗaya a kan kowane 100.

4.0 Ƙarancin Gaske da Ƙarancin Ƙirƙira

Idan aka dubi rukunan nan shida za a ga sun rabu gida biyu. Biyar na farko sun faru ne a sakamakon wata lalura: tsadar takarda, ko canjin kuɗi, ko maganin zamba, ko ƙarewar kaya, ko tuntuɓen ma'aikaci. Na shida kuwa shi kansa bambancin shi ne hajar.

Tsofaffin komik sun yi ƙaranci ne domin ba a ɗauke su a bakin komai ba. An buga su a takardar da ke rawaya ta kakkarye. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tattara tsofaffin takardu don bukatun yaƙi, komik masu yawa suka tafi a ciki. A ƙarshen shekarun 1940 an ƙona su a bainar jama'a a wasu garuruwa bisa zargin suna ɓata tarbiyyar yara, zargin da ya ƙara ƙarfi a 1954 da littafin likitan nan Fredric Wertham da kuma zaman sauraron bahasi na Majalisar Dattawan Amurka. Sauran kuma iyaye mata suka share su tare da shara. Wanda ya tsira, da ƙyar ya tsira.

Mutanen da suka yi rububin sayen mujallun farkon shekarun 1990 sun ji labarin kuɗin da tsofaffin suke yi, amma ba su lura da dalilin ba. Kowa ya sayi kwafi biyar ko goma, ya sa a leda, ya ɓoye, yana jiran ranar da zai yi arziki. Abin da mutum miliyan suka adana kuwa ba zai yi wuyar samu ba. Da gaskiya ta bayyana wajen 1993 zuwa 1996, kasuwar ta rushe, dubban shaguna suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya nemi kariyar kotu a Disamba 1996 saboda bashi ya yi masa katutu, ko da yake akwai wasu dalilai na sha'anin mallakar kamfanin da suka taimaka. A yau kwafin X-Men na 1991 da aka yi ta ɓoyo ba ya da wata tsada, alhali kwafin santi 35 na 1977 da wani yaro ya saya bai sani ba shi ake nema ruwa a jallo.

Sai dai ƙaranci kaɗai ba ya yin kuɗi. Akwai mujallun kaboyi da na ban tsoro a cikin gwajin 1976 da 1977 waɗanda suka fi Star Wars wuyar samu, amma ba su kai ta tsada ba, domin masu nemansu ba su kai nata ba. Daraja tana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku: ƙaranci, da bukata, da lafiyar kwafin.

5.0 Hanyoyin Tantancewa

Inda duk kuɗi ya taru, macuta ba sa nisa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a wannan fage kuskuren ganewa yana iya cin dukiyar mutum. Ga matakan da ƙwararru suke bi.

Na farko, a gwada bango da shaidar bugu. Fitowa ta 1 ta Star Wars ita ce babban misali. Da fim ɗin ya yi kasuwa an sake buga ta sau da dama, wasu daga cikin maimaicin ma santi 35 ne farashinsu, kuma suna da yawa ƙwarai. Sahihin kwafin gwaji farashinsa yana cikin akwati mai kusurwa huɗu na yau da kullum, yana da layukan na'urar kanti, kuma babu kalmar da ke nuna maimaici a bangonsa ko a shaidar bugunsa. Wanda ya dubi lambar 35 kaɗai ya biya kuɗi, ya yi cinikin biri a sama.

Na biyu, a dubi tallace-tallace da jerin littattafai. Mai sake bugu yakan manta da kwanan wata, amma ba ya barin tsohuwar talla, domin talla kuɗi ce. Idan kwafi ya ce na 1962 ne, amma yana tallar abin da bai fito ba sai bayan shekara biyar, to ya tona wa kansa asiri.

Na uku, a auna girma, a taɓa takarda. A 1974 DC ya sake buga fitowa ta 1 ta Action Comics a cikin jerin Famous First Edition, shafi da shafi kamar ta asali, sai dai ta fi ta girma sosai, kuma an lulluɓe ta da wani bango na waje mai bayyana cewa maimaici ce. Macuta sukan cire wannan na waje su kai wa wanda bai sani ba. Ma'auni kaɗai ya isa ya warware wannan. Haka kuma fitowa ta 1 ta Cerebus, wadda Dave Sim ya wallafa a Kanada a 1977 kwafi 2,000 kacal, an yi jabunta a 1982. Ana gane jabun ne da cewa cikin bangonsa yana sheƙi, na sahihin kuwa ba ya yi.

Na huɗu, a duba wayoyin ɗinki. Akan ɗauko bango mai daraja daga kwafin da cikinsa ya lalace, a aura shi da shafukan wani kwafin. Alamun wannan su ne ramukan waya da ba su dace da juna ba, ko tsatsa a bango wadda babu takwararta a shafin da ke ƙarƙashinsa, ko waya mai alamar an buɗe ta an sake lanƙwasawa.

Na biyar, a binciki wurin farashin da madubin ƙara girma. Launin maɗaba'a ƙananan ɗigo-ɗigo ne a jere. Inda aka kankare lamba aka sake rubutawa, ko aka cike karce da alƙalami, ɗigon yakan ɓace, tawadar kuma takan ratsa zuwa bayan takardar. Fitila mai shuɗin haske na musamman tana taimakawa wajen fito da gam da fentin da aka ƙara daga baya.

Na shida, a nemi tarihin kwafin, watau hannayen da ya bi. Kwafen da suka fito daga tarin Edgar Church, wanda aka gano a birnin Denver a 1977, suna da daraja ta musamman domin an san asalinsu, kuma mai su ya adana su tun suna sababbi.

Akwai kayan aiki biyu da suka sauƙaƙa wannan bincike. Ɗaya shi ne kundin farashi da Robert Overstreet ya fara fitarwa a 1970, wanda yake bayyana fitowa-fitowa da bambance-bambancensu. Ɗayan shi ne kamfanin CGC da ya fara aiki a 2000, wanda yake duba kwafi, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi a cikin akwatin roba tare da takardar bayani, ya kuma sa wa wanda aka yi wa gyara takarda mai launi dabam. Kamfanin yana wallafa ƙididdigar kwafen da ya duba. Wajibi ne a yi hattara da wannan ƙididdiga, domin abin da aka kawo masa kawai take nunawa. Kwafi mai tsada kowa yana kai shi a duba, wani ma sau biyu don neman ƙarin maki, mai araha kuwa ba wanda zai ɓata kuɗinsa a kansa. Ta haka abu mai yawa yana iya zama kamar kaɗan a cikin lissafin.

6.0 Abin da Ɗalibin Hausa Zai Ɗauka

Mujallun da aka tattauna a kansu na Amurka ne, amma hanyar binciken ba ta da ƙasa. Littattafan Hausa na boko sun bi ta hannun masu wallafa dabam-dabam a Zariya: Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966. Littafi kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a shekarun 1930, an sake buga shi sau da yawa. Mai nazarin da ya ɗauki kwafin da ya samu a kasuwa ya kafa hujja da shi a kan Hausar shekarun 1930 ko ƙa'idar rubutunta, ba tare da ya tabbatar da wane bugu ne a hannunsa ba, yana iya jingina wa marubuci abin da mai gyara ne ya yi daga baya.

Alamun da za a duba kusan iri ɗaya ne. Sunan mai wallafa yana iyakance zamani. Farashin da aka buga da sule da kwabo na tsohon kuɗi yana nuna cewa an yi bangon kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. Jerin sauran littattafai a bayan bango yana yin aikin da yake yi a Classics Illustrated. Wannan bukata ta fi tsanani a littattafan adabin kasuwar Kano da suka yawaita daga ƙarshen shekarun 1980, domin da yawansu a takarda mai araha aka buga su, wasu babu shekara a jikinsu, ana kuma karanta su hannu da hannu har su yage. Halin da suke ciki ya yi kama da wanda komik ta kasance a ciki kafin a farga da ita.

7.0 Kammalawa

An ga yadda buga bango dabam da shafukan ciki ya ba da damar fitowa ɗaya ta zo da fuska fiye da ɗaya, an kuma kawo rukunai shida na wannan bambanci. An nuna cewa waɗanda lalurar ciniki ko kuskure ya haifar su ne suka zama masu wuyar samu, domin ba wanda ya san da su balle ya adana, waɗanda aka ƙirƙira don a tara kuwa yawansu ya karya darajarsu. An kuma bayyana matakan tantancewa, waɗanda dukkansu suka taru a kan ƙa'ida guda: kada a yarda da bango sai shaidar bugu, da talla, da girma, da takarda, da wayar ɗinki sun gaskata shi.

Bayan maganar kuɗi, waɗannan 'yan alamu sun adana tarihin da kamfanonin ba su damu su rubuta ba. Daga lambar farashi guda aka gano gwajin da aka yi a ɓoye a 1976, daga kwabo 9 aka bi sawun hanyar da mujallun suka bi zuwa Ingila. Wannan ya isa dalilin da zai sa ɗakunan karatu na jami'o'i, idan suna ɗaure tsofaffin littattafai da mujallu, su riƙa barin bangayensu na asali a jiki, su kuma riƙa rubuta wane bugu ne suka ajiye.